Cokalin Baba da Tanderun Auta

A ƙarshen layin masu gini, jikin katangar injin tsaga katako, akwai wani dattijo da ba ya yarda da komai sai ya ƙwanƙwasa shi. Kankana, ƙofa, gwangwanin madara, duk sai sun amsa tambaya. Har saurayin da ya zo neman 'yarsa sai da ya sha ƙwanƙwasa a ka, wai a cikin wasa, dattijon ya kara kunne ya ce, "To, da ɗan abu a ciki, ba fanko ba ne." Da wani tsohon cokali mai cinyayyen baki yake wannan aiki, yana rataye da shi a wuya kamar mai gadin da ya ɓatar da usur. Ta haka sunansa na yanka ya ɓace, kowa sai Mai Cokali, har da mai ɗakinsa in ya ɓata mata rai.

Sana'arsa tubalin wuta. Ba na gina ɗaki ba, na gina tanderun burodi da murhun masu dafa abincin sayarwa. Wurin kawunsa ya gaji sana'ar, ya gaji cokalin, ya kuma gaji baƙar magana, don kawun ba ya koyar da abu sai ya haɗa da gori. Ranar farko ya ɗora tubala biyu a kan garwashi, ɗaya mai nauyi, ɗaya sakayau, ya ce masa ya ɗora tafi a kan kowanne. Ba a jima ba ya fizge hannun dama daga kan mai nauyin yana yarfewa. Na hagu kuwa yana nan zaune lafiya, sai ɗan ɗumi kamar cikin akuya.

"Ka gani, sarkin wawaye?" in ji kawun. "Zafi matafiyi ne, amma malalaci. In ya sami hanya cusasshiya sumul, sai ya bi ya wuce abinsa. In ya tarar da ramuka, ya faɗa wannan ya fito, ya faɗa wancan, kafin ya kai waje ya galabaita. Mai nauyin nan a cikin tanderu ake sa shi, ya sha zafi ya riƙe wa burodi. Sakayau ɗin shi ne bargo, a waje ake lulluɓawa, ya hana zafin tserewa. Ka musanya su, ka gasa titi ka bar burodi ɗanye."

Ramukan kuwa da dusar katako ake yin su. A cuɗa ta cikin yumɓu, a buga tubali, ya bushe a inuwa, a jera a ɗakin wuta. Wutar ta cinye dusar ta bar gurbinta, huji-huji da ba su kai kafar allura ba, cike da iskar da ba ta motsi. Sai dai wuta ba ta da amana. In ta yi kaɗan, tubali ya marmashe a hannu. In ta zarce, yumɓun ya fara narkewa, ya tsuke, ramukan su rufe baki ɗaya bayan ɗaya, tubalin ya ƙanƙance ya yi tauri kamar tangaran. Kyau a ido, banza a aiki. Tsakanin kaɗan da zarcewa ɗan taƙi ne, kuma a nan cokali yake cin abincinsa. Akan bar 'yan gutsattsari kusa da ƙofar leƙe, a zaro ɗaya da ƙugiya, ya huce, a ƙwanƙwasa. Ɗanye yakan ce ɗif, kamar an bugi buhun gari. Wanda ya nuna ya ce ƙwal, gajere, irin na busasshen ice. Wanda ya zarce kuwa sai ya ja dogon amo siriri, kamar an ɗanɗasa farantin ƙarfe.

Shekara arba'in da 'yan kai Mai Cokali yana raba waɗannan muryoyi uku, ko da wasa bai taɓa kai wa wani tubalin da ya ba shi kunya ba. Masu burodi kan ce in shi ya gina maka tanderu, kana iya jingina da bangonsa ka yi gyangyaɗi ana gashi a ciki. Shi ma da ya ji wannan sai ya gyara hula ya ce, "Ai ba ni ba ne, cokali ne." Ƙarya yake, ya san shi ne.

Amma shekara arba'in ɗin nan a jikin injin tsaga katako ya yi su, don nan dusa take. Injin ya ba shi dusa kyauta, ya karɓi kunne a madadi, kaɗan-kaɗan kamar ɓera a buhu. Siraran muryoyi suka fara tafiya. Kukan tsuntsaye ya ɗauke, ya ce ai garin ne ya cika da gini. Butar shayi ta daina fito, ya ce butocin yanzu ba su da kirki. Muryar mai ɗakinsa ta yi nisa, wannan kam ya ɗauke shi a matsayin rahama, bai kai ƙara ko'ina ba. Ya koyi kallon leɓe, ya koyi cewa "Haka ne, haka ne" a inda ya dace da inda bai dace ba. Wata rana an ce masa maƙwabci ya karye a ƙafa, ya ce, "Madalla."

"Malam, kunnen nan naka fa," in ji mai ɗakinsa.

"Me ya sami kunun? Ni ban sha ba."

Ta dube shi, ya dube ta, ya yi dariya don ta ɗauka tsokana ce. Ita ma ta ɗauka haka, ko ta yi kamar ta ɗauka, don zaman shekaru ya koya mata inda ake taɓawa da inda ake zagayewa.

Ana cikin haka mijin Auta ya rasu. Auta ita ce 'yarsa ta ƙarshe, mijin kuma shi ne saurayin nan da aka ƙwanƙwasa, direban babbar mota, ciwon kwana shida ya ɗauke shi. Ta dawo gida da 'yan mata biyu da akwati ɗaya. Bayan 'yan watanni baffan yaran, yayan marigayin, ya zo da magana mai laushi a baki, mai kaifi a ciki. Ya ce shi ba ya son 'ya'yan ƙaninsa su zama nauyi a kan tsofaffi. In har aka tashi hutun makaranta uwar ba ta da abin riƙe su, zai zo ya tafi da su can garin da yake, kwana guda a mota.

Auta ba ta yi kuka a gabansa ba. Sai da ya tafi ta zauna a bakin rijiya ta ce, "Baba, ni fa na iya burodi. Shekara uku na yi a gidan burodi kafin aure, har kwaɓi aka sakar mini. Tanderu kawai na rasa."

"Tanderu?" Wannan kalmar ko a leɓe ba ta ɓace masa. "Ke 'yar gidan ruwa ce kike kukan ƙishi? Zan gina miki wanda ban taɓa gina wa kowa ba."

Kuma ya yi niyya. Ya tace yumɓu har sau biyu, ya tankaɗe dusa kamar mai shirin tuya, ya buga tubalan bargo da hannunsa bai bar kowa ya taɓa ba. Ranar gashi ya kunna wuta da sassafe. Da la'asar launin ciki ya kai inda ya saba, ja mai shirin komawa ruwan lemo, ya zaro gutsure, ya bari ya huce, ya ƙwanƙwasa.

Ɗif.

Ya ce da saura. Ya ƙara ice, ya jira, ya zaro na biyu. Ɗif. Idonsa ya ce masa wutar nan ta yi haske fiye da kima, amma tun yana yaro an koya masa cewa ido maƙaryaci ne, kunne ne alƙali. Ga kuma tunanin cewa na Auta ne, kada ya marmashe mata. Ya ƙara ice, ya kuma ƙarawa. Sai da icen ya ƙare ya toshe ƙofa, yana mitar wai yumɓun bana taurin kai gare shi.

Bayan kwana uku aka buɗe. Tubala suka fito jajur, gefensu kamar an yanka da wuƙa. Aminin Mai Cokali, wani mai walda da ake kira Tartsatsi, ya zo auna ƙofar ƙarfe da zai yi wa tanderun. Shi Tartsatsi ba ya magana sai da ihu, shi ya sa abotarsu ta daɗe. Ya ɗauki tubala biyu ya gwara su.

"Kai, tsohon banza!" ya daka. "Ashe da can ha'intar mutane kake yi? Ji wannan, kamar ƙararrawar makaranta! Na 'yarka ka yi masu waƙa, na mutane ka ba su bebaye!"

Mai Cokali ya san ma'anar tubali mai waƙa sarai. Ya ce, "Kai da ƙarfe ya cinye wa kai, me ka sani a ƙasa? Auna ƙofarka ka ba ni wuri."

Da ya zo jera bargon, layin da ya lissafa zai ci tubali arba'in sai da ya ci arba'in da uku. Ya tsaya da cokalin siminti a hannu. Ya san abin da ke sa tubali ya ƙanƙance, ya san shi kamar sunansa. Amma Auta tana tsaye a bayansa da kwanon laka, fuskarta ta washe karo na farko tun rasuwar, 'yan matan suna rigimar wadda za ta fara cin burodin. Ya ce wa ransa wataƙila akwatin buga tubalin ne ya motse. Ya sa na arba'in da ukun, ya shafe da laka, ya rufe maganar.

Zafi kuwa ba a rufe masa baki da laka.

Gashin farko ya fito da kyau, aka rarraba wa maƙwabta. Na biyu, wanda ya kamata ya gasu da ragowar zafin, ya fito fari fat, cikinsa danƙo. Auta ta ƙara ice washegari, na farko ya ƙone, na biyu ya sake fitowa kamar bai ga wuta ba. Bangon tanderun ta waje ba ya taɓuwa. Kazar gidan da ta saba kwanciya a jikin kowane sabon gini ta zagaye shi ta koma ƙarƙashin turmi. Ɗakin da ya haɗa bango da shi ya koma gidan zufa, har man shafawar mai ɗakinsa ya narke a kwalba. Rannan Auta ta goga damtse a jikin bangon tana juya faranti, fata ta tashi.

Mai shayin bakin titi, wanda ya yi alkawarin karɓa kullum, ya dawo da rabin kwando. "'Yar'uwa, ba don ni ba. Wani ya ce in ba shi burodi, ba cingam ba."

Ta canja fulawa. Ta canja yis. Ta rage ruwa, ta ƙara ruwa, ta tashi kwaɓi tun da sauran sanyin safiya. Abu ɗaya ne ba ta taɓa zarga ba, shi ne tanderun, don a duniyarta rana na iya fitowa daga yamma amma tubalin Baba ba ya kuskure. Shi kuwa Baban ya rage cin abinci, ya rage tsokana. Ya daina bi ta tsakar gida, sai ya zagaya ta bayan banɗaki kamar mai gudun surukai. Cokalin ma ya cusa shi cikin riga.

Saura kwana ashirin a tashi hutu, da hantsi, ya shigo ya tarar da ita a ɗaki tana ninke kayan yaran tana jerawa a akwati. Ta juyo ta yi masa magana a hankali, don ita ma ta gano sai an fuskance shi yake ganewa, ko da ba ta taɓa faɗa ba.

"Baba, hannuna ne. Na manta aikin, ko kuma dama ban iya ba, ruɗin kaina nake. Ka yi naka, ni ce na kasa. Gara in shirya su tun yanzu, kada ranar ta zo ina kuka suna kuka."

Ta ɗauki ƙaramar rigar makaranta ta ninke, ta warware, ta sake ninkewa.

Mai Cokali ya juya. Ya fita ya ɗauko tubali ɗaya cikin ragowar da ke jibge a bayan gida, ya kuma ciro wani tsoho na shekarun baya da ake tokare ƙofa da shi. Ya kira ta, ya kira uwarta, ya ajiye su a bakin rijiya. Ya ɗiga ruwa a kan tsohon, tubalin ya shanye nan take. Ya ɗiga a kan sabon, ɗigon ya zauna yana ƙyalli kamar baƙon da ba a ce ya shigo ba. Ya fasa gefen tsohon ya ɗora harshe, ya manne. Ya yi wa sabon haka, harshen ya zame.

"Malam, yau kuma tubali kake lasa? Abincin gidan ne bai ishe ka ba?" in ji mai ɗakinsa. Muryarta ba ta yi dariya ba.

Ya ciro cokalin ya miƙa wa Auta. "Buga tsohon nan. Me ya ce?"

"Ya ce ƙwal."

"Wannan fa?"

Ta buga. "Wannan ya ja amo, Baba. Har yanzu bai gama ba."

"To ni duka biyun ɗif suka ce mini." Ya zauna a kan bokiti kife. "Hannunki lafiyarsa ƙalau, Auta. Kunnena ne ya mutu, na ƙi binne shi. Na zarce da wuta, ramukan suka toshe. Bargon da na lulluɓa miki zanin ƙarfe ne, zafinki duk a titi yake ƙarewa. Kuma na sani. Tun ranar jeri na sani."

Auta ta daɗe tana kallonsa. Da ta zage shi da ya fi masa sauƙi.

"Tun ranar jeri," ta ce. "Baba, wata guda ina tsine wa hannuna."

Ta shiga ɗaki ta turo ƙofa. Mai ɗakinsa ta kwashe kwanukan wanke-wanke ta ce, ba tare da ta dube shi ba, amma da ƙarfi yadda zai ji, "Ranar wanka dai ba a ɓoyon cibi. Sai ka tashi, zama a kan bokiti ba ya gasa burodi."

Da azahar ya aika aka kira Tartsatsi ya zo da guduma. Mai waldan ya ji labari ya riƙe baki.

"Wato yabon da na yi maka zagi ne?"

"Dama yaushe ka taɓa yin magana ta zama alheri? Riƙe nan."

Suka fasa bargon, suka bar tubalan ciki yadda suke. Duk layin suka fito kallo, Mai Cokali yana rushe aikin Mai Cokali. Wani mai burodi da ya riga ya yi maganar sabon tanderu ya tsaya daga nesa, ya yi 'yan tambayoyi, ya tafi bai dawo ba. Dattijon ya gan shi sarai. Ya ci gaba da dukan bango.

Washegari ya buga sababbin tubalan bargo. Kwana goma suka yi suna bushewa, yana juya su safe da yamma yana roƙon kada hadari ya haɗo. Auta ba ta yi masa magana ba sai gaisuwa, amma akwatin yaran yana nan a buɗe, ba ta ƙara komai a ciki ba, ba ta kuma cire ba. Ranar gashi da ya isa ɗakin wuta ya tarar da ita a tsaye, ta ɗaure kai da tsohon ɗankwali.

"Na zo aron kunne ne," ta ce. "Ba wai na huce ba."

"Ai ko tubali sai ya kwana uku."

Ba ta yi dariya ba, amma gefen bakinta ya motsa.

Ya sa ta buga tsohon tubalin nan sau ashirin har muryarsa ta zauna mata. Da rana ta karkata ya zaro gutsure na farko. Ta buga ta ce ɗif, shi ma ɗif ya ji, suka ƙara ice. Na biyu haka. Na uku ya huce, ta buga, ta sake bugawa, ta ɗago kai.

"Ya yi, Baba."

Ya karɓi cokalin ya buga da kansa, ya kai har jikin kunne. Ɗif. Buhun gari. Duk jikinsa, shekara arba'in na jikinsa, cewa yake ɗanye ne, a ƙara ice, in aka tsaya nan zai marmashe, kuma babu sauran kwanakin sake wani. Hannunsa har ya kai kan icen. Ita kuma ba ta taɓa gasa tubali ko ɗaya ba a rayuwarta.

"Kin tabbata?"

"Ƙwal ya ce. Irin na tokaren ƙofa."

Ya saki icen. Ya ɗebi laka ya toshe bakin wutar. Sannan ya cire igiyar cokalin daga wuyansa ya rataya mata, ya juya yana gyaran abin da ba ya buƙatar gyara.

Bayan kwana uku aka buɗe, ya jera sabon bargo, layin ya ci tubali arba'in cif. Aka ba laka kwana biyu ta sha iska, aka yi gashin gwaji saura kwana biyu a tashi hutu. Na farko ya fito. Na biyu ya shiga, Auta ta rufe ƙofar Tartsatsi ta tsaya tana kallonta kamar mai jiran sakamakon asibiti. Mai Cokali ya zagaya baya inda ba kowa, ya ɗora tafinsa a bango. Ɗumi kawai, kamar cikin akuya. Ya bar hannun a wurin ya daɗe.

Ko baffan yaran zai ga kwandon burodi ya haƙura, wannan sai ya zo jibi. Mai shayi dai ya ce zai sake gwadawa. Masu neman tanderu kuwa sun ɗauke ƙafa daga ƙarshen layin, kuma dattijon ya san ba duka za su dawo ba.

Daga can gaba Auta ta ɗaga murya ta faɗi wani abu. Ya ga 'yan matan sun ruga wajenta, ya ga uwarta ta saki tsintsiya. Bai ji ko kalma ɗaya ba. Ya cire hannunsa daga bangon, ya zagayo a hankali don ya ga bakinta.